Injin da Ya Dare wa Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya je Makka sau ɗaya, ya dawo da dabino, da haƙorin Makka, da labari guda. Dabinon ya ƙare cikin mako. Haƙorin ya fita daga baya wajen shan rake. Labarin kuwa ya zauna a gidanmu na Kwalkwalawa shekara da shekaru, har yaran da aka haifa bayan tafiyar suka haddace shi.

Ga yadda yake. Ranar dawowarsu, Kawu na zaune bakin taga, gaba kaɗan da fiffike. Tayoyin jirgi na taɓa ƙasar Sakkwato sai wata ƙara ta tashi, kowa ya ji ana tura shi gaba a kujerarsa. Kawu ya leƙa, ya ga injin da ke rataye a fiffike ya dare gida biyu. Rabin murfinsa ya zame baya, cikinsa ya bayyana baƙi ƙirin. Nan take ya ɗaga murya da wata addu'a da ya karɓo wajen malaminsa a Hubbare. Yana kai ƙarshenta karo na uku, injin ya koma ya haɗe, ƙara ta mutu, jirgi ya natsu. Kullum da jimla ɗaya yake rufewa: "Kuma matuƙin bai ce muna komi ba, don kunya."

Ina ƙarama ina son labarin nan ƙwarai. Da na girma na yi karatun kimiyya a jami'ar da ke maƙwabtaka da ƙauyenmu, na zama malama a makarantar 'yan mata cikin gari, aure ya kai ni Ƙofar Marke. Tun a lokacin na san akwai gyara a labarin Kawu, amma na bar shi. Tsoho ne, labarinsa ne, bai hana kowa cin tuwo ba.

Sai shekarar da mu 'ya'yan Inna muka samo mata kujerar aikin Hajji.

Inna manomiya ce. Tun rasuwar babanmu ita ke riƙe da gonar shinkafarmu a fadama, damina da rani, kuma ban taɓa ganin abin da ya ba ta tsoro ba. Maciji ta sare shi da fartanya, ambaliya ta tsaya ta dube ta ido da ido. Na je mata da albishir ina murna, na ce ranar Litinin ta sama za mu je ofishin alhazai a ɗauki hotonta da zanen yatsunta, wanda bai je ranar ba kuma kujerarsa ta wuce ga wani. Tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ni zuwa," ta ce.

Na zaci wasa take. Matar da tun ina goye take cewa Allah Ya nuna mata Ka'aba kafin ta mutu.

"Inna, mi ya hwaru?"

"Kawunki yana da addu'ad da tar ruhe inji. Ni mi gare ni? Fatiha da Ƙulhuwa. In yad dare mani, wa ka ruhe shi?" Ta watsar da tsakuwa. "Ba mutuwa nike tsoro ba. Amma in mutu bisa, ba a wanke ni ba, ba a sa ni ƙasa ba? A'a. Ni ƙasa nis sani."

Na ce to Kawu ya koya mata addu'ar mana. Ta ce ta roƙe shi, ya ce doguwa ce, sai da izini, kuma kan tsohuwa ba zai ɗauka ba.

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Na hau keke mai ƙafa uku na koma gida ina huci. Mijina ya saurare ni, ya ce ai abu mai sauƙi ne, direban jirgi ribas yake sawa, in gaya mata haka kawai. Na ce masa shi ma bai sani ba, ya je ya sa ribas a motarsa tana tsakiyar gudu mu gani. Ya ce shi dai ba da shi aka yi faɗan ba.

Matsalata ɗaya ce, kuma babba: ban taɓa hawa jirgi ba. Abin da na sani a littafi na san shi, kuma na san da wannan za a fara dukana. Saboda haka kafin in buɗe baki na nemi wanda hannunsa ke taɓa abin. Akwai abokiyar aikina, malamar Turanci, ita da mijinta Kiristoci ne 'yan Filato, mijin na aikin duba jirage a filin jirgin sama. Kowa na ce masa Injiniya, shi kuma yana cewa shi bakanike ne kawai. Ranar Laraba bayan an tashi makaranta na bi ta gidansu.

Na ba shi labarin Kawu kaf. Bai yi dariya ba, kuma na ji daɗin haka.

"Malama, kawunki ya gani daidai," ya ce. "Murfin yana buɗewa. In bai buɗe ba ne ma za su kira ni."

Ya jawo fankar falonsu ya kunna. Ya ce injin jirgin zamani babbar fanka ce a gaba, tana zuƙar iska tana watsa ta baya da ƙarfi, wannan watsawar ce ke tura jirgi gaba. Kaɗan daga iskar ke shiga tsakiya inda ake ƙona mai. Mafi yawanta ta gefe take bi, cikin wata hanya tsakanin murfi da cikin injin. Idan tayoyi suka taɓa ƙasa, matuƙi na jan wani hannu, rabin murfin ya zame baya, wasu ƙananan ƙofofi su faɗo su tare hanyar nan ta gefe. Iska ta rasa mafita ta baya, sai ta fita ta inda murfin ya buɗe, ta cikin wata raga mai haƙora da aka karkata su gaba. Wannan ragar ce baƙin abin da Kawu ya hango.

"Injin ba ya juyawa baya," ya ce. "Ba shi da giyar ribas. Yadda yake juyi a sama haka yake yi a ƙasa. Iskar ce kawai aka juya mata fuska."

Ƙarar kuma, ya ce, matuƙi ne ke ƙara wa injin wuta don iskar da aka juya ta yi ƙarfi. In gudu ya ragu sai ya rufe, don kada injin ya riƙa tayar da tsakuwa yana haɗiya. Duk abin bai kai minti guda ba. Na yi lissafi a zuciyata, na ga daidai tsawon addu'ar Kawu sau uku.

Na tambaye shi ko murfin na iya buɗewa a sama. Ya ce an yi masa makullai bisa makullai, ba ya sakuwa sai jirgi ya ji nauyinsa a kan tayoyi. Kuma ko bai buɗe ba akwai birki a tayoyin, akwai allunan da ke tashi a kan fiffike, jirgi zai tsaya. Taimako ne kawai, musamman ranar da titi ya jiƙe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci dangi kan taru a gidan Kawu, maza a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, mata a gefe bakin rumfa. Na isa na tarar an riga an kai wajen da murfi ya zame baya. Inna na zaune tana sauraro da hannu a haɓa, kamar ba ta ji shi sau ɗari ba. Da Kawu ya kai ga matuƙi da kunyarsa, sai ya juya gare ta ya ce ta yi haƙuri, ba kowa Allah ke kira ba.

Wannan kalmar ce ta tashe ni. Na san wurin da mace irina ke zama, na san yadda ake gyara wa babba magana, a keɓe, a zagaye, a ce ko dai, wataƙila. Duk na sani. Na miƙe tsaye a tsakar gida.

"Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, injin nan bai dare ba. Matuƙi yab buɗe shi, shi yar ruhe shi. Kowane jirgi haka shike yi in ya sauka."

Wata gwaggona ta ce, "Ke."

Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa. Ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ya fi ciwo.

"Malama," ya ce, yana jan kalmar, "kin taɓa hawa jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na hau. Da idona nig gani."

"Abin da kag gani gaskiya na. Fassarab ba ita ta ba."

"Watau addu'a ba ta aiki. Abin da bokon ya koya maki ke nan."

"Ban ce ba. Ni ma ina addu'a, kuma Allah ka tsare kowa. Amma Allahn da yab ba malaminka addu'a, Shi yab ba wani basirar yin ƙohwa jikin inji. Kuma ba ni bari a hana uwata Makka don ƙohwa."

Ban zauna ba. Wani ɗan Kawu ya ce in fita masu daga gida. Ban fita don shi ba. Na fita don Inna ta tashi, ta yafa mayafinta, ta wuce ni ba ta dube ni ba. A hanya ta ce na kunyata ta gaban ɗan'uwanta, da ta san haka karatu ke yi da ta bar ni ina korar tsuntsu a gona. Na ce ta zage ni yadda take so, amma gobe da safe ina nan tafe fadama.

Ko a yau in aka tambaye ni, zan ce wurin da na faɗi maganar ne kuskure. Na je daga baya na durƙusa na ba Kawu haƙuri a kan wurin. Ya jira in ba shi haƙuri a kan maganar. Har na tashi ban ba shi ba.

Asabar da hantsi na samu Inna tana ban ruwa. Shinkafar rani ta kai gwiwa, injin ban ruwa na ta tatata a bakin rijiya, tiyo na kwarara cikin fangali. Ban gaishe ta da wani dogon bayani ba, don na san Inna ba ta karɓar abu ta kunne. Na tuɓe takalmi, na shiga taɓo da atamfata ta zuwa makaranta, na ɗaga tiyon, na matse bakinsa har ruwan ya riƙa fita da ƙarfi, na ce ta riƙe.

"Tiyo za ki koya mani riƙo?"

"Riƙe dai. Ina shike tura ki?"

"Baya. Wanga ko jariri ya sani."

Na ce to ita ce jirgi, tiyon shi ne inji, ruwan shi ne iska. Abin da ya fita ta nan, shi ke tura mutum ta can. Sannan na ɗauko ƙwaryar da take shan ruwa da ita, na sa mata a ɗaya hannun, na ce ta tara ta a bakin tiyon, cikin ƙwaryar na duban ruwa.

Ta tara. Ruwan ya daki ƙwarya ya juyo, ya wanke mata fuska da ƙirji, ya same ni ni ma. Ƙwaryar ta fizgi hannunta gaba har ta yi taku ɗaya cikin taɓo. Ta saki tiyon tana tari tana zagina, zagi mai kyau irin na Kwalkwalawa wanda ba zan rubuta ba.

"Yanzu ina anka ja ki?" na ce.

Ta share ido da gefen zane. "Gaba."

"Injin ya sake kuka? Ya juya baya? Ya lalace?"

Ta juya ta dubi injin ban ruwa. Yana nan yana tatatarsa, bai san ma abin da ake yi ba.

Na ce mata abin da Kawu ya gani ke nan. Jirgi na zuwa da gudu, ana son ya tsaya, sai matuƙi ya tara wa iska ƙwarya. In ya tsaya ya janye ƙwaryarsa. Sai ta sunkuya ta ɗauki tiyon da kanta, ta matse bakinsa, ta tara ƙwarya, ta janye, ta sake tarawa, ta sake janyewa. Sau biyar ko shida ta yi, tana jiƙewa, fuskarta a ɗaure.

"Kuma ba shi buɗewa sai an taɓa ƙasa?"

"Sai tayoyi sun taka ƙasa."

"Wa yac ce?"

"Mai gyaran shi."

"Musulmi na?"

"Kirista na. Ɗan Filato."

Ta ɗan yi tunani. "Mai gyaran injin ga nau ma Kirista na. Bai taɓa yi man ƙarya ba." Ta mayar da tiyon cikin fangali. "To in ƙasa na, ko ya dare, ƙasa nike."

Ba ta ce za ta je ba. Ta ce in tafi gida in sake kaya kafin mijina ya ce ta jefa ni rijiya. Lahadi ban ji daga gare ta ba, na wuni ina ƙona girki. Litinin da sassafe ina shirin fita sai na ji sallama. Inna ce a ƙofar gida da mayafinta na zuwa biki, ta sa lalle a ƙafa amma ta bar hannuwa fari, don an gaya mata na'urar ba ta kama yatsa mai lalle.

"Ki yi sauri," ta ce. "Ina da ban ruwa da marece."

Tsakanin ranar nan da tashin su Inna, Kawu bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Dangi suka rabu, wasu na cewa na raina manya, wasu na zuwa a ɓoye suna tambayata wai da gaske kowane jirgi haka yake yi. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ba zan ɓoye ba, ranar da jirginsu ya ɗaga na ji tsoro. Ni na tura ta, da ƙwarya da tiyo, cikin abin da ni kaina ban taɓa shiga ba.

Sun dawo da rana tsaka. Muna tsaye can nesa inda ake tare masu tarbar alhazai, muka ga jirgin ya sauko, ya taɓa, sai ƙarar nan ta taso ta cika fili. Wata mata kusa da ni ta dafe ƙirji ta fara salati. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, don ban taɓa jin abin da kunnena ba sai ranar.

Washegari gidan Inna ya cika da masu barka da sauka. Tana zaune a sabuwar darduma tana raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna, ta rame, ta yi baƙi, idonta na sheƙi. Sai ga Kawu. Aka buɗa masa hanya, ya zauna, suka gaisa, ta ba shi labarin Ka'aba tana kuka, shi ma ya share ido. Ni ina bakin ƙofa ina zuba ruwa. Can Kawu ya gyara murya.

"To, Hajiya, ya hanya? Lahiya kunka sauka?"

"Lahiya lau, Yaya. Injin naka ya dare mani har sau biyu."

Kowa ya juyo ya dube ta.

Ta ce tun a tafiya ta roƙi wata mata suka yi musayar kujera, ta zauna bakin taga inda take ganin inji. Da suka sauka Madina ya buɗe, yadda Kawu ya faɗa, ba ragi ba ƙari, baƙi ƙirin. Nan take ta kama Fatiha da Ƙulhuwa har ya rufe.

Kawu ya gyaɗa kai, ya dubi inda nake. "Kun ji ko."

"Ni ma haka nic ce," in ji Inna. "Nic ce ƙila Ƙulhuwat tau ta. Abin yad dame ni har Arfa. To da munka zo sauka Sakkwato sai nic ce yau sai na gani. Nir roƙi Allah gahwara tun muna bisa, nig gama addu'ata duka. Tayoyi na taɓa ƙasa sai nik kama bakina da hannu. Ko a zuci ban karanta komi ba. Ina dai kallo nai."

"Sai mi?" wata gwaggona ta tambaya.

"Sai yar ruhe." Ta miƙa wa Kawu kofin zamzam. "Sannan nic ce alhamdu lillahi."

Kawu ya karɓi kofin, ya fuskanci gabas, ya sha a hankali. Tun daga ranar ban sake jin labarin injin a bakinsa ba, kuma wani lokaci in na ga yara zaune gabansa ba abin da zai ba su, nakan ji ba daɗi. Amma Inna ta ga Ka'aba, kuma da za a mayar da ni Juma'ar nan, zan sake miƙewa.

Da mutane suka ragu na matsa kusa da ita, ina jiran ko sau ɗaya ta ce na yi gaskiya. Na ce, "Inna, kin ga ƙwaryat tau ko?"

Ta dube ni yadda Kawu ya dube ni, daga sama har ƙasa.

"Ba ta yi kama da ƙwarya ba ko kaɗan," ta ce. "Zauna in gaya maki yadda shike, tunda ke ba ki taɓa hawa ba."